A Kankare Kafin A Shafa

Wurin karatu: 2 Labarbaru 29:1-30 (a sabuwar fassara, 2 Tarihi).

 

Littafi Mai-Tsarki ya gaya mana Sarki Ahaz na Yahuda ya rufe ƙofofin gidan Ubangiji, ya gina wa gumaka bagadai a kowane lungu na Urushalima. A ka kashe fitilu, a ka daina ƙona turare, ƙazanta ta taru a wurin sujada. Da Ahaz ya mutu, ɗansa Hezekiya ya hau gadon sarauta yana da shekara 25. Ƙasar da ya gada kuwa a lalace ta ke. Filistiyawa sun ƙwace garuruwa, Edomawa sun kwashe mutane bauta, sarkin Assuriya ya ci dukiyar haikali bai taimaka da kome ba. Saurayin sarki yana da abin yi da yawa. Duk da haka a watan fari na shekararsa ta fari, aikin da ya fara sa hannu a kai shi ne ƙofofin nan. Ya buɗe su, ya gyara su.

Ku lura da jerin aikin. Da fari gyaran ƙofa. Sa'an nan firistoci su ka fitar da ƙazanta, Lawiyawa su ka kai ta rafin Kidron, aikin kwana 16. Bayan wannan a ka miƙa hadaya domin zunubi. Sai da hadaya ta hau bagade kāna waƙa da ƙahoni su ka tashi. Waƙa ita ce ta ƙarshe. Mu kuwa sau da yawa da ita mu ke so mu fara.

Ga shi damina ta wuce, an kai gero rumbu, manoman fadamar Wurno da Goronyo sun juya ga albasa da tafarnuwa, Kirsimati kuma ya gabato. A irin wannan lokaci ne mai gida ya kan dubi ƙyauren ƙofarsa, wanda mu Sakkwatawa mu ke kira gambu, ya ga ya yi toka-toka, ya tsattsage, fentinsa yana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Haka dattawan ekklesiya su kan dubi na ɗakin sujada. Ranar kasuwar Achida sai a sayo gwangwanin fenti, a ba yaro buroshi, kafin magariba an gama. Ranar idi kowa ya yaba. Amma kafin zafin watan Afril ya wuce, sabon fentin ya ɗaga, ya kwashe tare da tsohon, ƙyauren ya fi dā muni, kuɗi kuma sun tafi.

Mutanen Nazarat sun san Ubangijinmu da sunan masassaƙi (Markus 6:3). Saboda haka ba abin kunya ba ne mu zauna a gaban kafinta mu koyi yadda a ke gyaran ƙyaure. Wanda ya bi maganar nan zai sami ƙofa mai kyau a gidansa. Ina roƙon Allah ya sami abin da ya fi ƙofa.

1. Abin da ke cin ƙyaure

Maƙiyan ƙyaure a ƙasarmu huɗu ne. Na fari rana. A cikin haskenta akwai wani sashi wanda ido ba ya gani, shi ne ke ƙone abin da ya riƙe zaruruwan itace wuri ɗaya. In ya ƙone, ruwan sama ya wanke, sai fuskar katako ta koma launin toka, ta yi kaushi. Ƙyauren da ke duban yamma shi ya fi shan wannan wahala, gama ranar la'asar a kansa ta ke ƙarewa, a bazara kuwa zafin Sakkwato ya kan wuce digiri 40.

Na biyu ruwa. Itace ko an sare shi an busar, bai daina sha ba. Daga Yuni zuwa Satumba ya kan sha laima ya kumbura, shi ya sa ƙofa ta kan cije a watan Agusta. Hadarinmu daga gabas ya ke tasowa, don haka ƙyauren da ke duban gabas shi ke shan dūka. Na uku hunturu. Iskarsa ta kan zuƙe laimar nan duka, katako ya tsuke, mahaɗai su buɗe, tsaga ta bayyana. Kowace shekara ƙyaure ya kumbura ya tsuke, fenti kuwa ba ya iya binsa har abada, sai ya fashe. Na huɗu gara. Ita daga ƙasa ta ke hawowa, ta cinye ciki ta bar fuska lafiya lau.

Ba wanda ya taɓa kwanciya da sabon ƙyaure ya tashi da ruɓaɓɓe. Haka nan ba mai-bi da ya ke fāɗuwa cikin dare ɗaya. An bar addu'ar safe sau ɗaya domin sammakon kasuwa. An riƙe ɗan'uwa a zuciya kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. An ƙara 'yar ƙarya kaɗan a ciniki. Kowane ɗaya ƙaramar tsaga ce, amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

2. A cire shi, a kwantar

Kafinta na kirki ba ya gyaran ƙyaure yana rataye. Ya kan kwance hinji, ya cire sakata da mariƙi da wurin kwado, ya kwantar da ƙyauren bisa benci biyu a inuwa. Dalili kuwa, ƙyaure fuska shida gare shi: gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙasa. Mai wucewa guda ɗaya ya ke gani. Bakin ƙasa, wanda ke kusa da dokin ƙofa, babu mai ganinsa, babu mai shafa masa kome, shi ne kuwa ya fi shan ruwa, gama kan itace inda zarto ya yanka ya fi jikinsa zuƙa nesa ba kusa ba. Daga nan ruɓa ta ke farawa, ta nan gara ta ke shiga.

In an kwantar, sai kafinta ya ɗauki ƙusa ko tsinin wuƙa ya bi ko'ina yana dannawa. Inda itace ke da rai, ƙusa ba ta shiga. Inda ya mutu, sai ta nutse kamar cikin tuwo.

Ɗan'uwa, ka yarda a kwantar da kai? Muddin kana tsaye cikin rigar Lahadi, fuskarka ɗaya mu ke gani, mu kuwa mun gamsu. Amma Ubangiji ya gaya wa Sama'ila dubansa ba irin na mutum ba ne, gama shi zuciya ya ke dubawa (1 Sama'ila 16:7). Bakin ƙasa na ranka shi ne yadda ka ke magana da matarka sa'ad da baƙi su ka tafi, da mudun da ka ke awo da shi in mai saye bai lura ba, da abin da ka ke kallo a wayarka da dare, da kuɗin baiko da a ka ba ka ajiya. Maganar Allah ita ce ƙusar gwaji. Ka bar ta ta danna, kada ka janye.

3. Kankara

Yanzu aiki mai wuya ya zo. Dole a kankare tsohon fenti duka, har a kai ga itace. A kan fara da makankari na ƙarfe, sa'an nan samfefa mai kaushi, lamba 80, sai lamba 120, a ƙare da mai laushi, 180. Ba a tsallake lamba, gama kowace tana share zānen da ta gabanta ta bari. Kullum kuwa bin tsawon itace a ke yi. Wanda ya goga a gicciye zai bar tabo, mai kuma zai fito da tabon fili.

Ga gargaɗi domin 'ya'yanmu. Tsohon fenti na mai, da yawa cikinsa akwai dalma, ƙurarta kuwa guba ce, ta fi cutar ƙananan yara da mata masu ciki. Ba mu manta ba a shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Waccan daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka kada a ƙone fenti da wuta. A yayyafa ruwa kafin a kankare domin ƙura ta kwanta, a ɗaure hanci, a yi nesa da madafa, a kori yara, a tattara abin da ya zuba a binne inda kaji da yara ba su kai, a wanke hannu kafin a ci abinci. In an jiƙa, sai a bar katakon ya bushe sarai kafin a ci gaba.

Abin farin ciki shi ne tokar nan ba ta da zurfi. In ƙyauren na maɗaci ne ko na kawo, da an ɗan goga sai jan itace ya fito kamar ranar da a ka sassaƙa shi. Mutane da yawa sun yar da ƙyaure mai kyau a bola domin sun ɗauka ya mutu, alhali fuska ce kaɗai ta tsufa.

Kankara ita ce tuba. Annabi Ezekiel ya yi faɗa da annabawan ƙarya waɗanda su ka ga jama'a sun gina bango marar ƙarfi, su ka bi shi da farar ƙasa, suna cewa lafiya alhali babu lafiya. Ya ce ruwa da ƙanƙara da iska za su zo, bango ya fāɗi, a tambaye su ina shafen da su ka yi (Ezekiel 13:10-15). Sabuwar riga, da babbar murya a ƙungiyar waƙa, da baiko mai yawa ranar godiya, in an ɗora su bisa zunubin da ba a furta ba, farar ƙasa ce. Misalai 28:13 ya nuna mai ɓoye laifinsa ba zai ci gaba ba, jinƙai kuwa na wanda ya furta ne ya kuma rabu da shi.

Tuba ta gaskiya ba ta tafiya a dunƙule. Kafinta ba ya cewa ya goge ƙyaure gaba ɗaya da shafa guda. Taƙi taƙi ya ke bi. Kai ma kada ka tsaya ga cewa dukanmu masu zunubi ne. Ka kira abin da sunansa. Ka ci bashin buhun taki tun bara, kana ganin mai shi kana sāke hanya. Kin ɗauki maganar maƙwabciya kin kai zumuntar mata. Shekara biyu ke nan ba ka gaisa da ƙanenka ba saboda iyakar gona, kuna kuwa cin Jibin Ubangiji a tebur ɗaya. Ubangiji ya umarta, in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon tukuna, ka je ku shirya (Matta 5:23-24). Wannan samfefa lamba 80 ce. Tana da zafi. Amma in ba ta wuce ba, mai ba zai kama ba.

Ku dattawa da ku ke horon waɗansu, ku tuna da bin tsawon itace. Manzo Bulus ya ce a komo da wanda ya fāɗi cikin tawali'u (Galatiyawa 6:1). Akwai 'yan'uwa da su ka bar sujada har yau domin an goge su a gicciye a gaban jama'a. Akwai kuma waɗanda mu ka yar a bola, alhali maɗaci ne a ciki.

4. Abin da samfefa ba ta iyawa

Tsaga ƙarama, a kan kwaɓa garin katakon nan da gam a cike ta, in ta bushe a goge. Hinjin da ya saki, a toshe ramin da 'yan itace da gam, a ɗaura sabon sukuru. Amma inda ya ruɓe ko gara ta cinye, guga ba ta da amfani. Sai a sa zarto a yanke har a wuce iyakar ruɓar, a shiga cikin mai rai kaɗan, a kawo sabon guntu a haɗa. Sa'an nan a shayar da bakin ƙasa da dogaran ƙofa maganin gara, irin su Solignum, a kuma rushe hanyar garar da ke bin bango. Wanda ya ji tausayin ruɓa ya bar kaɗan, baɗi zai sāke aikin.

Haka akwai abin da ba a rage shi, sai a yanke. Layar da a ka binne a bakin ƙofa domin tsaro, da zuwa wurin boka a ɓoye sa'ad da yaro ya yi ciwo, da matar da ba taka ba, da kwalba. Zakka bai ce zai rage cuta sannu sannu ba. Ya tsaya ya ce zai mayar riɓi huɗu ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8).

Ku lura kuma, ƙyaure ba ya tsiro da sabon itace da kansa. Guntun da zai cike gurbin daga waje ya ke zuwa, daga hannun masassaƙi. Nan ne bishara ta ke. Mu ba mu iya cike abin da zunubi ya cinye. Hezekiya ya share haikali kwana 16, amma shara ba ta ɗauke laifin jama'a ba, sai da a ka zub da jini. A Masar ma, abin da ya ceci 'ya'yan fari na Isra'ila shi ne jinin ɗan rago bisa dogaran ƙofa (Fitowa 12). Babu wanda a ka tambaya ko ƙofarsa sabuwa ce ko tsohuwa. Yesu Kristi ya mutu bisa itace domin ya ba mu abin da ba mu da shi. Tuba tana buɗe wurin, jininsa ne ke tsarkakewa.

5. Shafa

In katako ya yi sumul, an share ƙura da tsumma, sai shafa. Mai gida ya zaɓa. Man ƙyalli wanda kafintoci ke kira banish yana nuna kyan itace, amma rana tana ratsa shi, don haka ƙyauren da ke shan rana zai so ƙari kowace shekara ko biyu. Fenti mai launi ya fi jimrewa, gama launin yana tare hasken, mai haske kuma ya fi baƙi, domin baƙi yana jan zafi. Ko wanne a ka zaɓa, ka'idar ɗaya ce. Shafa ta fari a tsinka ta domin itace ya sha. A bar ta ta bushe kwana guda, a ɗan goga da samfefa mai laushi, a ƙara ta biyu, a ƙara ta uku. A shafe fuska shida duka, bakin ƙasa ma ya fi kowanne samu. Kada a yi cikin rana, kada a yi ranar da hunturu ya tayar da ƙura, kada a yi bisa ɗanyen katako. Kwanakin kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko, su ne su ka fi. Tsumman mai kuwa a shanya su a fili, gama in an tara su wuri ɗaya su kan yi zafi har su kama wuta.

Mai gaggawa ya kan zuba shafa ɗaya mai kauri. Samanta ya bushe, cikinta ɗanye, ta yi ta zuba tana yamutsewa. Haka mai-bi wanda ya ke jiran babban taro na shekara domin ya cika ransa gaba ɗaya. Taro yana da kyau, amma rai kaɗan kaɗan ya ke sha. Aya goma da safe tare da iyali, addu'a kafin barci, sujada ran Lahadi, yau da gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma mu dogara ga ƙyalli. Hezekiya ya dalaye ƙofofin haikali da zinariya, amma sa'ad da Sennakerib ya kawo yaƙi, shi da kansa ya kankare zinariyar ya ba sarkin Assuriya (2 Sarakuna 18:16). Zinariyar ba ta ceci birnin ba. Abin da ya cece shi, sarki ya shiga ta ƙofofin nan ya shimfiɗa wasiƙar maƙiyi a gaban Ubangiji ya yi addu'a (2 Sarakuna 19:14-19).

6. A mayar da shi wurinsa

Ba a gyara ƙyaure domin a jingine shi a yi ta kallo. A kan mayar da shi, a sa wa hinji mai, a gwada. Aikinsa biyu ne, ya rufe da kyau, ya buɗe da sauƙi.

Mun san zamanin da mu ke ciki a gabashin Sakkwato. A shekarar 2018 mutanen Tabanni da ƙauyukan kewaye su ka gudo Gandi ta ƙasar Rabah saboda 'yan bindiga. A watan Oktoba na 2021 a ka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Gidaje da yawa sun cire katako sun sa ƙofar ƙarfe, ba kuwa mai ganin laifinsu. Sa sakata da dare hankali ne. Amma ina jin tsoro kada tsoro ya kumbura zukatanmu kamar ƙyauren Agusta, su cije, har mu kāsa buɗe wa kowa. Gwauruwar da ta baro ƙauyenta da yara a baya, ko tana sujada tare da mu ko ba ta yi, in ta yi sallama a ƙofar mai-bi, ya kamata ta sami ruwan sha da tabarma da mudun gero. Ibraniyawa 13:2 ya tuna mana waɗansu sun sauki mala'iku ba da saninsu ba. Maƙwabtanmu da yawa ba za su taɓa buɗe Littafi Mai-Tsarki ba, amma ƙofarmu suna karanta ta kowace rana.

Akwai kuma wani Mai-sallama. Lawudikiya birni ne na masu arziki, har da girgizar ƙasa ta rushe shi wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Ubangiji, mutanensa su ka sāke gina shi da kuɗinsu, ba su karɓi taimakon Roma ba. Ekklesiyar birnin ta ɗauki halin garin, tana cewa ba ta bukatar kome. Fentinta yana ƙyalli. Ga wannan ekklesiya ce Yesu ya ce yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa (Ru'ya ta Yohanna 3:14-22). Ku duba fa, masu-bi ne a ciki, an yi musu baftisma, suna taruwa, Ubangijinsu kuwa yana waje. Bai fasa ƙofar ba. Ya ce su tuba, wanda ya ji muryarsa ya buɗe kuwa, zai shiga su ci abinci tare.

Ya ɗan'uwana, ya 'yar'uwata, kada ka sayi fenti tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, ka keɓe dare ɗaya ka karanta Zabura 51 a durƙushe. Ka rubuta sunan wanda ka ke bin gafara da wanda ke binka. Gobe da safe ka tafi wurinsa, in da bashi ka ɗauki abin da ka ke da shi ka fara biya. Sa'an nan ka zo mu yi waƙa, gama lokacinta ya yi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, Masassaƙin Nazarat, ga mu a hannunka. Ka kwantar da mu, ka gwada mu, ka kankare abin da mu ka shafa domin idon mutane. Ka yanke abin da ya ruɓe, ka cike mu da ranka. Ka tsare ƙofofin jama'arka a Achida da Wurno da Rabah da Goronyo, da na maƙwabtanmu duka, ka ba ƙasarmu salama. Ka sa mu ji sallamarka mu buɗe. Cikin sunanka mu ke roƙo. Amin.